Mai Kunne da Jar Motar Likita

Shekara arba'in da ɗoriya Mai Kunne ya yi yana gyaran motoci a ƙarshen layin masu walda, a wani gareji mai rami ɗaya da benci ɗaya. Ba a banza ya samu sunan ba. Mota tana shawo kwana zai leƙo daga ƙarƙashin wata ya ce, "Wannan bawul ɗinta na uku ne ke kuka," kuma in aka buɗe haka za a tarar. Agogunan da ke gaban direba kuwa bai taɓa ɗaukarsu a bakin komai ba, wai an yi su ne don waɗanda Allah bai ba kunne ba. Mutumin kirki ne, amma a kan wannan magana akwai shi da cika baki.

Ana nan sai Likita, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga asibiti, ta kawo masa jar motar da ta gada wurin mahaifinta. 'Yar ƙarama ce mai kujera biyu, ba rufi, ta girmi duk 'ya'yan Mai Kunne. Giya huɗu gare ta, da an hau doguwar hanya sai injin ya kama ihu kamar ana yanka shi. Likita ta samo wata giya ta ƙari da ake ɗaurawa a bayan giyabos: direba ya taɓa ɗan makunni kusa da sitiyari, injin ya sassauta murya alhali gudun bai ragu ba. Mai Kunne giyar hutu yake ce mata.

"Malam, an ce kai kaɗai ka rage wanda ya san kanta," in ji Likita.

"An faɗi gaskiya," ya ce, ko kunya babu.

Mako uku ya yi a kanta. Ya sauke giyabos, ya sa doguwar sanda a ciki, ya kai farfela, sandar da ke juya tayoyin baya, wurin mai walda aka rage mata tsawo. Ya ja waya, ya sa makunnin tsaro don kada giyar ta shiga ana ribas, domin in ta yi haka ta tashi aiki. Agogon da ke nuna juyin injin ya daɗe da mutuwa, Likita ta ce ya duba shi, ya ce wannan ado ne kawai.

Ranar gwaji ya hau titin bayan gari, ya taka sosai, ya taɓa makunnin, ya kasa kunne yana jiran muryar injin ta faɗo. Shiru. Ɗan motsin da ya ji a kujera ya ɗora wa ramukan titi. Ya koma gareji ya kwance aikin mako uku, ya bi komai ɗaya bayan ɗaya, bai ga laifi ba. Ya sake ɗaurawa, ya sake fita, haka dai.

Abin ya taɓa shi ƙwarai. Abinci ya daina shiga. Ya yanke a ransa cewa in ta ƙi a karo na uku, zai mayar wa Likita makullinta, ya ce hannunsa ya tsufa, ya rufe garejin ya koma gida.

Ranar gwaji na uku matarsa ta kawo masa kwanon abincin rana da kanta. Tun aurensu ba ta taɓa shiga motar gwaji ba, ta ce rayuwarta tana da amfani. Yau kuwa sai ta ajiye kwanon a benci, ta gyara mayafi, ta buɗe ƙofar motar ta zauna.

"Ina za ki, 'yar tsohuwa?"

"Inda za ka!" ta ce da ƙarfi. "Ja mu je!"

Suka hau titin. Iska tana fizgar mayafinta, ta riƙe da hannu bibbiyu. Ya taɓa makunnin, ya jira, ya buga sitiyari.

"Kin gani ko? Ba komai!"

Ya juyo ya dube ta, sai ya ga bakinta yana motsi. Magana take yi, tana murmushi, ga ta nan kafaɗarsu na gogar juna, amma ko kalma ɗaya bai ji ba. Ya gangara gefen titi ya kashe motar.

"Me kika ce?"

Ta matso da bakinta kusa da kunnensa. "Cewa na yi ta shiga, Malam. Kana taɓawa ta yi laushi. Na tabbata tun ran farko take shiga."

Ya kai hannu ya taɓa kunnensa.

"Tun yaushe na daina ji?"

"Shekara biyu ke nan muna ihu a gidan nan. Ni da yaran, har jikokinka. Masu walda ma sun sani, su kuwa da ma ihu sana'arsu ce. Kai kana ta faɗa wai mutanen zamani ba su iya magana a hankali ba."

"Shi ne ba wanda ya gaya mini?"

"Wa zai iya? Sunanka fa ke nan."

Dariya ta so ƙwace masa, hawaye suka riga ta. Bai share ba, ita ma ba ta ce ya share ba. Tausayinsa ya cika ta, don ta san ba garejin yake wa kuka ba.

Can ya ce, "Aikina ne, ban ji shi ba. Yaya take yi in ta shiga?"

Ta duba gaba, ta duba baya, ba kowa a titin. Ta kamo hannunsa mai baƙin mai ta ɗora a maƙogwaronta, ta fara gunji da ƙarfi irin na injin da aka matsa wa. Sannan ta sauke muryar a hankali, ta bar ta tana tafiya sumul. Ya ji saukar a tafin hannunsa.

Ya lumshe ido.

"Haka ya kamata ta yi," ya ce. "Ƙara yi mini."