Mama da furen kuɓewa

Jiya Mama ta tsaya gaban hotona a bangon makaranta, ni ina bayanta.

Malamar zane ce ta nuna mana hotunan Japan da ake sassaƙawa a katako a buga a takarda, kowanne da kyakkyawar mace da furen lokacinta. Sai na sassaƙa Mama tana miƙa furen kuɓewar bayan gidanmu. Na manta bugu yana juya hoto.

"Hadiza, da hagu kika sa ni miƙa wa mutane abu?"

"Mama, a katakon dama ce."

"To bari in tsaya in riƙa ba su haƙuri."

Ba wanda ta ba haƙuri. Kowa ya zo wucewa sai ta nuna ni, "My daughter."

Ku wane fure ya dace da mamarku?