Daren da Kaka Ta Ƙirga Mu Shida

Mu biyar ne jikokin Kaka Dije, a wani ƙauye kusa da Matankari. Da ɗari ya shigo, an kai gero rumbu, sai ta hura wutar kara a ƙofar ɗakinta bayan tuwo, mu kewaye ta. Tsohuwa ce mai faɗan tsiya, amma in ta buɗe baki da tatsuniya, ko tari ba ka son yi.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, wani ma'aikacin gwamnati ya zo yana neman namun dawa masu rai, wai za a kai gidan kallo a Yamai. Babanmu maharbi ne. Kwana uku ya dawo da ɗan barewa a kafaɗa, ya ɗaure shi a ƙafar rumbu kafin kamiyo, babbar motar kaya, ya zo da safe. Na kai masa ruwa, ya ƙi sha. Tun magariba kuma muke jin wani abu yana zagaya bayan darnin karan da ya kewaye gidan, ƙaf, ƙaf, ya tsaya, ya sake.

Ran nan Kaka ba ta jira mun ce ta zo mu ji ta ba. Ta ɗaga murya fiye da kullum, ta juya fuska wajen ɗakin Baba.

Ta ce bareyi ba marasa gata ba ne, dabbobin Doguwa ne, iskar dawa. Kowace faɗuwar rana takan tsaya ƙarƙashin gawo ta ƙirga su, kamar yadda Fulani ke duba garke. Wanda ya harbi babba don yunwa, ba ta kula shi. Amma wani maharbi ya ɗauke mata ɗan jariri da rai. Doguwa ta ƙirga, ta ga saura ɗaya. Ba ta yi fushi ba, ta dai biyo sawu har gidansa, ta leƙo ta saman darni, ta ƙirga 'ya'yansa. Da safe ƙaramar ɗiyarsa ta daina magana. Kwana bakwai sai aka ga sawunta ya nufi dawa, daga ƙafa biyu ya koma kofato huɗu.

Ƙanena Idi ya ce, "Kaka, ta dawo?"

"Wa za ya maido ta? Garke ya cika."

Sai ta zaro kara mai wuta a baki tana nuna mu. "Ɗaya, biyu, ukku, huɗu, biyat." Ta miƙa shi wajen rumbu, inda idanu biyu ke ƙyalli. "Shidda. Ɗiya shidda ag gidan ga yau. In an ɗebe guda gobe, ba ni ka zaɓen na biyu ba."

Wallahi na ji fitsari ya kama ni. Ni ce ƙaramar mace a gidan. Tafiyar bayan darni ma ta tsaya cak.

Baba ya fito. Ya ce, "Haba Inna, kin firgita yara. Na riga na ba mutumin gwamnati alkawari."

Ta ce, "To, cika mai. Ni dai na ƙirga."

Ya daɗe a tsaye yana kallona. Sannan ya kwance igiyar, ya rungumi ɗan barewan ya fita. Kaka ta kashe wuta ba ta rufe tatsuniyar ba, kuma har ta rasu ba ta rufe ta ba. Da safe direban kamiyo ya yi ta masifa ya tafi wayam.

Yanzu na tsufa. Tun da na ajiye aikin asibiti nake zuwa gidan namun daji ina taimakawa kyauta, in yanka ciyawa, in wanke kwamin ruwa, in hana yara jifa. Matasan ma'aikata suna tsokanata wai Hajiya ba ta tafiya gida sai ta ƙirga bareyi. Su yi ta dariya, yaro man kaza.

Na daɗe ina cewa dabara ce kawai Kaka ta yi wa ɗanta. Amma bara na je gida, na tambayi tsofaffin maharba, suka ce rabon da a ga barewa a dajinmu har sun manta. Gawon da Kaka take faɗa yana nan. Na tsaya ƙarƙashinsa da yamma, na rasa abin da mai garken take ƙirgawa yanzu.

Jikokina sukan cika mini gida lokacin hutu. Ban taɓa ƙirga su da ƙarfi ba.