Ranar da Na Ƙi Zama a Kujera

Na daɗe ina jan motar haya tsakanin Jahun da Dutse. Da mai motar ya sayar da ita, na koma gida na zauna, ga iyali, ga hatsin rumbu yana ja da baya. Sai na ji wata ƙungiya mai raba wa manoma iri tana neman direba. Na kai takarduna, aka kira mu intabiyu.

An ce mu zo da safe, muka zo da safe. Ba a fara ba sai bayan azahar, kuma ba a bi layi ba. Wanda ya zo ƙarshe shi ya fara shiga, don wani ya leƙo ya yafito shi. Ba na son haka. A tasha ma, inda ake ce mana marasa tsari, mota ba ta lodi sai layinta ya zo. Waɗanda suka fito suka ce an tambaye su launin tuta da sunayen ministoci. Babu wanda aka yi wa maganar birki.

Da aka kira ni, na shiga da sallama. A bayan tebur akwai wata Hajiya mai tabarau, da wani matashi da kwamfuta, a tsakiyarsu kuma yayan mahaifin matata, wanda ya ba ni aurenta. Na san yana aiki a Dutse, ban san a nan ba ne.

Abin da na saba shi na yi. Na cire takalmi, na tsuguna kusa da ƙofa, na sunkuyar da kai.

"Barka da yamma, Baba."

"Yauwa," ya ce, yana kallon fanka.

Matashin ya ce, "Malam, ga kujera."

"Nan ma ya isa."

"Ka zauna, kuma ka dube mu. Akwai maki a kan haka. Me ya sa kake ganin ka fi sauran cancanta?"

Ta yaya zan yabi kaina a gaban surukina? Na ce, "Allah ne ya san wanda ya fi." Ya danna wani abu a kwamfutar. A raina na ce aiki ya tafi.

Hajiyar ta sauke tabarau. "Alhaji, tun shigowar bawan Allahn nan fanka kake kallo, shi kuma ƙasa. Me ke tsakaninku?"

Ya yi gyaran murya. "Mijin 'yata ne."

"Au! To Alhaji, ko ka fita, ko mu kwana a nan."

Ya miƙe ya ce zai je ya yi alwalar la'asar, alhali da sauran lokaci kafin a kira sallar. Da ya fita ta ce, "Ango, sa takalminka."

"Hajiya, 'ya'yanmu har sun shiga makaranta."

"A gaban Alhaji dai ango kake. Zauna."

Na zauna. Ta tambaye ni abin da zan yi idan mota ɗauke da buhuna ta kafe a yashi a hanyar ƙauye. Na ce da farko in ɗaga ƙafa daga totur, sannan in rage iskar taya, sannan in tone gaba in shimfiɗa kara, sai bayan haka a tura. Ta miƙo makulli ta ce in zaga da ita cikin gari. Muka zaga muka dawo. Na jima ban ji numfashina ya sauka kamar lokacin da na kashe motar nan ba.

Har yau ina tuna sauran direbobin da suka koma gida ba su taɓa sitiyari ba. Wasu sun girme ni a hanya. Da ita ma Hajiyar ba ta ɗaga kai ba, da tare muka koma.

Bayan an kira ni aiki, na je gaida Baba a gida. Na tsuguna a zaure.

"An ce ka sami aiki," ya ce.

"E, Baba."

"Madalla. A ina?"