Tantabarun Malam Amiru da Gindin Katanga

Malam Amiru na Ƙofar Durbi shekararsa sittin da takwas. Tsohon masinja ne a wani ofishin gwamnati, ya ajiye aiki shekara biyu kafin soja su miƙa mulki. A unguwa dai ba mai tuna masa wannan aikin, kowa Mai Tantabara yake ce masa.

Tantabarun gado ne. Mahaifinsa ya bar masa gidan ƙasa da tukwane goma sha biyu rataye a jikin katanga, kowace da mace da namiji a ciki. Farare ne masu baƙar wutsiya, kuma tun yana ɗan shekara bakwai bai taɓa ganin jininsu ya yanke ba. Ba ya sayarwa. In maƙwabciya ta haihu, matarsa Hajo takan kai mata farfesun 'yan shila biyu, iyakar abin da ke fita daga gidan ke nan.

Bayan dawowar farar hula aka yi wa ɗansa Khalifa, malamin firamare, ƙarin albashi. Ya ce ya gaji da ganin tsohonsa yana yaɓe duk damina. Ya kawo magina suka yi wa katanga filastar siminti ciki da waje, suka zuba kankare a tsakar gida. Malam Amiru ya sa masa albarka, ya mayar da tukwane inda suke.

Wata huɗu da yin haka ƙwai ya fara lalacewa. Ɓawon ya zama kamar takarda, uwa na kwanciya a kai sai ya fashe. Aka yi wata bakwai ba a ƙyanƙyashe ko ɗaya ba, tsofaffin kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har tukwane biyar kawai suka rage da tsuntsu. Malam Amiru ya zargi kyanwar maƙwabta. Ya zargi bakin mutane, tunda gidan ya yi kyau. A majalisarsu ta bayan La'asar ne wani ya ce masa yanzu har tsuntsaye ana ba su bitamin.

Ya tafi Ƙofar Kaura shagon Bashira, jikar wani amininsa, wadda ta karanta lafiyar dabbobi. Ta ba shi wani gari rawaya a leda, ta ce kan ƙaramin cokali ya isa kwano guda na ruwa. Malam Amiru kuwa ya saba jiƙa wa ragon layya kanwa da tafin hannu, ya ga kan cokali raini ne ga ciwon da ya kai wata bakwai. Ya dumbuza ya zuba. Ruwan ya yi kauri, ya ɗauki wari, tantabaru suka ƙi ko kallonsa, suka koma sha a kwatar maƙwabta.

"Malam, kunu ka dama masu ko magani?" in ji Hajo. "Saura ƙosai."

Da ya koma da ƙorafi, Bashira ba ta yi musu da shi ba, ta ce za ta zo ta gani da idonta. Ta zo ranar Alhamis, aka gaisa har aka tambayi na ƙauye. Ta duba gero, ta ce ba shi da laifi. Ta murza ɓawon ƙwai a yatsa. Sai ta tsaya tana kallon wata tantabara da ke ta saran gindin katanga, bakinta na zamewa a kan siminti.

"Baba, mi take nema nan?"

Hajo ce ta amsa. Ta ce shekara arba'in tana faɗa da tsuntsayen nan a kan wurin, don sun rarake gindin katangar kamar aikin gara. Nan ne kuma lungun da take zubar da toka da ɓawon ƙwai kafin a zuba kankare. Bashira ta ce to nan maganar take. Tsohuwar ƙasar tana da gishiri da ƙananan tsakuwa, ga toka da ɓawo, da su tantabara ke gina ɓawon ƙwanta. Bitamin yana ƙara mata ƙarfi, amma ba ya zama ɓawo.

 Malam Amiru ya ce mahaifinsa bai taɓa yarda a yaɓe wannan gefen ba, shi kuwa duk zatonsa ƙiwa ce ta tsufa.

Washegari ya ari baro ya ɗebo tsofaffin tubala daga wani gini da ya rushe a Ƙofar 'Yandaka, ya jibge su a lungu. Mai shayin bakin titi yana tara masa ɓawon ƙwai, Hajo ta gasa ta daka. Bitamin kuma yanzu Hajo ke aunawa, ta hana shi taɓa ledar. Bayan mako shida aka ƙyanƙyashe biyu a tukunya ta uku, farare masu baƙar wutsiya.

Tubalan sun kusa ƙarewa. Ranar Asabar da ta wuce Malam Amiru ya aika aka kira Khalifa, ya ce masa ya yi haƙuri, ba raina aikinsa ya yi ba. Sannan ya ɗauki guduma ya ɓamɓare filastar gindin katanga tsawon kamu biyu, har tsohuwar jar ƙasar ta fito.