Kwanukan da Suka Dawo da Nama

Shekarun baya, ban daɗe da gama jami'a ba, na samu aikin gwaji a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke jan hankalin mutane su rage cin nama, su koma ga wake da gyaɗa da ganye. Na sha yawo da takarduna cikin Bangi, babban birnin ƙasarmu, kafin in samu, don haka na riƙe aikin da hannu biyu. Shugabarmu, wata mata 'yar unguwar Miskine wadda ko ƙwai ba ta ci, ta ce in na nuna mata mutanen unguwarmu ta Kilomita Biyar za su saurare ni, za ta tabbatar da ni. In ba haka ba, sai dai haƙuri.

Ni kuwa ba na iya magana gaban jama'a. Sai na ga gara a fara da ɗanɗano. Na roƙi mahaifiyata ta dafa ngunza, miyar ganyen rogo ke nan, da gyaɗa da manja, ba nama ba kifi, mu aika gidajen maƙwabta da tuwon rogo. Ta dube ni ta tambaya ko na yi shawara da wani babba. Na ce a ofis an amince. Ta ce to, ta ɗora tukunya. Na so in bi kowane kwano da bayani, amma nauyin shiga gidajen mutane ya hana ni, na ce sai gobe.

Abin da ban lissafa ba shi ne, a unguwarmu ba a mayar da kwano fanko. Kuma in miya ta fito daga gidan mai shago a Titin Koudoukou irin mahaifina Alhaji, babu ko ƙashi a ciki, fassara ɗaya ake yi mata: arziki ya karye. Washegari kwanuka suka fara dawowa: wannan farfesun kan saniya, wancan soyayyen naman rago, wani tsire a naɗe cikin takarda. Hajiyar gidan da ke kallon namu da kanta ta kawo nata. Ta zauna kusa da mahaifiyata, ta sassauta murya, ta ce kowa da irin jarrabawarsa, kada ta ji nauyin kowa. Wani mahauci daga unguwar Kokoro ya aiko da cinyar rago, ya ce kada a gaya wa Alhaji.

A ranar kuma shugabarmu za ta zo ganin aikina. Na ce mu tura kwanukan ƙarƙashin gado kafin ta iso.

"Abin da mutane suka rage daga bakin 'ya'yansu za ka cusa ƙarƙashin gado?" in ji mahaifiyata. "Bar su nan."

Tun daga zaure ƙamshi ya tarbi baƙuwar. Ta shigo ta tsaya tana kallon jerin kwanukan. Na fara bayani da Faransanci, ina ta "wataƙila" da "mai yiwuwa", har mahaifiyata ta gaji ta karɓe zancen da yaren Sango, ta gaya mata komai tiryan-tiryan. Shugabar ta yi dariya har ta nemi kujera. Da ta natsu, ta tambaya ko an ci miyar. Mahaifiyata ta ce an cinye tas, Hajiya ma cikin jajen nata sai da ta tambayi abin da aka zuba a ciki.

Daga nan mahaifiyata ta yafa mayafi, ta kama hannun shugabata suka shiga gidajen ɗaya bayan ɗaya, ni ina biye kamar wanda aka kama da laifi. Ko'ina magana ɗaya take yi: "Shagon Alhaji lafiya lau. Yaron nan ne ya samu aiki, biyansa ake yi ya bar cin nama." Mata suka yi ta hamdala suna dariya. Suka kewaye baƙuwar suna duba kumatunta, suna mamakin wadda ba ta cin nama amma ta fi ni jiki. Kafin la'asar an tsayar da magana za a riƙa haɗuwa a tsakar gidanmu ana girka ɗanwake da alale da ngunza.

Mahaifina da ya dawo ya ji labari, ya ce ashe shi ya sa tun safe mutane ke riƙe hannunsa suna yi masa doguwar addu'a. Ya ce da mun bari an ƙara kwana ɗaya, don bai taɓa sanin ana son sa haka ba.

An tabbatar da ni a ƙarshen watan, da sharaɗin duk shirin da zan yi a unguwa in fara kai wa mahaifiyata ta gani.

Ba zan ce unguwarmu ta bar nama ba, ni ma ragewa na yi, ban daina ba. Wasu gidajen dai sun ƙara wake da ganye a girkinsu, ko da yake ban san ko saboda ni ba ne. Abin da na tabbata da shi ɗaya ne: a wurinmu kwanon abinci saƙo ne, kuma ni na aika nawa ban san me na ce ba. Mutanen da na je koya wa cin ganye suka ɗauka yunwa muke ji, suka ciyar da mu a asirce. Har yau in na tuna, kunya da daɗi tare suke zuwa mini.