Sunan da Uwarsa Ba Ta Kira Ba

Ni na yaye shi. Ɗan fari ne a wurin yayana da matarsa can Kebbe, a gidanmu kuwa uwa ba ta nuna ta san ɗan farinta. Ba ta kallonsa gaban mutane, ba ta yi masa wasa, sunansa kuma ba ya fita daga bakinta. Ana cire shi daga nono aka goya mini shi, na taho da shi Tambuwal inda nake koyarwa a firamare. In na je gida, sai uwar ta tambaye ni tana kallon turmi, "Ɗan naki shina lafiya?"

Kunyar nan ta daɗe tana ba ni haushi. Na sha ce mata, "Haba Yaya, tsinto shi kinka yi? Wa ka cinye ki in kin kira shi?" Sai ta ce, "Ke dai bakinki ba shi da linzami."

Yana shekara ta biyu a kwalejin horon malamai ya shiga soja. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce, "Alli ya yi maka nauyi shi ya sa za ka ɗauki bindiga?" Ya yi dariya ya ce, "Gwaggo, in kowa ya riƙe alli, wa ka tsare makarantar?" Ɗan banza, ya iya rufe mini baki.

Da aka ce za a tura su yaƙi arewa maso gabas, ya ɗauke ni a mashin mu je Kebbe sallama. Damina ce, hanya duk laka. Muna turin mashin a wani kwari ya ce, "Gwaggo, abu guda nika so. Inna ta kira sunana ko sau guda, in ji yadda shike a bakinta." Na bugi ƙirji na ce ya bar mini.

Ya durƙusa a ƙofar ɗakinta cikin kakinsa, matan gida sun kewaye shi suna kallo. Na shiga na faɗa mata abin da ya roƙa. Ta juya fuska ga bango. Na ce, "Don Allah Yaya, yaƙi fa za shi!" Ta miƙo mini ƙullin ƙuliƙuli ta ce, "Ki ce ma ɗanki Allah shi tsare." Ya ji. Ya ce amin, ya kakkaɓe gwiwarsa ya tashi. Ko ruwan gidan ban sha ba na fito.

Bai dawo ba. Wani abokin aikinsa ne ya bugo mini waya, ya ce an yi musu kwanton ɓauna, an rufe shi can tare da 'yan uwansa. A Kebbe maza suka yi masa salla babu gawa a gabansu.

Wurin zaman makoki ni ake yi wa gaisuwa, ni ke kuka. Ita tana ta kai wa baƙi ruwa, idonta a bushe ƙamas. Wallahi ranar na tsane ta.

Bayan an watse, wata safiya ina haɗa kayana, ta ja zanena zuwa bayan rumbu. Ta ce, "Da gaske shina son in kira shi?"

Na ce, "Yanzu kuma? Bayan mi?"

Ba ta kula ni ba. Ta fuskanci gabas, ta kewaye bakinta da tafuka, ta kira shi kamar yadda ake kiran yaro ya zo ya ci tuwo. Sunan ya fito a karye, harshenta bai saba ba. Ta sake kira, wannan karon ya fito daidai. Sai ta karkata kai ta tsaya tana saurare, saurare na gaske. Ni ma na tsinci kaina ina jira.

Can ta sauke hannuwanta, ta zauna a ƙasa. Ta ce, "Ashe haka sunan ga shike da daɗin faɗi."