Cinikin Kujera Biyu

Kujera biyu nake nema, kwana ashirin da ɗaya gare ni, kuma na riga na yi alkawari da bakina. Fam ɗari da hamsin na ware. Farashin da na fara gani a waya fam casa'in da biyar ne kowace kujera, ɗari da casa'in ke nan. Tsakanin abin da na ware da abin da suka yanka akwai fam arba'in, kuma a kan arba'in ɗin nan na kusa jin kunyar da ban taɓa ji ba tun zuwana London.

Wadda na yi wa alkawarin ba jinina ba ce, amma Yaya nake ce mata. Ita 'yar Filato ce mai zuwa coci, ni Bakanuwa. Lokacin da na sauka a ƙasar nan da akwati biyu na atamfa, ita ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta a Plumstead. Wata huɗu na yi, ba ta taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Da akwatunan nan na fara, gida-gida, har Allah ya ba ni ɗan shago a Barking, inda nake sayar da leshi da atamfa, ina kuma auna wa mutane kayan da za su aika gida.

Yaya kuwa shara da goge-goge take yi a wani gidan wasa a tsakiyar gari, irin wanda ake wasan kwaikwayo da waƙa da rawa. Shekara goma sha ɗaya tana can, kuma wasa ɗaya ake maimaitawa duk tsawon shekarun. Ranar da ake yi sau biyu, ita da abokan aikinta sukan tsaya a lungu da buhunan shara, suna jiran 'yan kallon rana su fito, su share kafin na yamma su shigo. Saboda haka waƙar ƙarshe kaɗai take ji ta bayan ƙofa, har ta haddace ta. Wasan kansa ba ta taɓa gani ba.

Da ciwon gwiwa ya matsa mata sai ta yanke shawarar komawa gida gaba ɗaya. Ranar da ta kawo akwatunanta shagona a auna, tana ɗaure su tana rera waƙar nan ƙasa-ƙasa.

Na ce, "Yaya, wai me aka yi wa mutumin nan yake kuka haka a waƙa?"

"Ina na sani? Na dai san an cuce shi, bawan Allah. Kullum sai ya ba ni tausayi."

"Shekara goma sha ɗaya ba ki san abin da aka yi masa ba?"

"To Hajiya, an ce miki kallo nake zuwa yi?"

Na ce mata wallahi ba za ta hau jirgi ba sai ta zauna ta gani da idonta, kuma a ƙasa, a tsakiya, inda masu kuɗi suke zama.

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. "Ke ɗin? Ke da ko ruwan roba sai kin taya?"

Gaskiyarta. Ni ban taɓa sayen abu a farashin farko ba. Da tayi na ci, da shi na sha, da shi na kama shago. Don haka washegari na hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na tafi gidan wasan da kaina, don ban yarda da cinikin da ba a ga idon juna ba. Wata baturiya mai fara'a ce a bayan gilashi. Na ce kujera biyu nake so, ba ɗaya ba, nawa za ta rage mini? Ta ce farashin yau ke nan, na gobe kuwa zai iya hawa, zai iya sauka, ita kanta ba ta sani ba. Ni saukar kawai kunnena ya ɗauka. Na yi mata godiya, na juya baya, na fara tafiya a hankali yadda uwata ta koya mini a kasuwa. A bakin ƙofa har na tsaya ina gyara mayafi, ina jira a ce, "Dawo, kawo kuɗin." Da na waiwaya, wani mutum ya maye wurina da katin banki a hannu.

Ban ɗauki darasi ba. Cewa na yi to, tun da farashinsu yawo yake yi, zan zauna in karance shi kamar yadda nake karantar canjin naira. Safe da yamma ina dubawa. Cikin kwana huɗu na gane cewa yammacin Asabar ya fi kowane lokaci tsada, wasan rana a tsakiyar mako ya fi sauƙi, kuma kujera ɗaya tana iya kwana da wani farashi ta tashi da wani, ba tare da kowa ya taɓa ta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da ke sayen leshi a wurina ita ta fara gaya mini zancen code. 'Yan haruffa ne da lambobi da ake rubutawa a wani ɗan gurbi kafin a biya, sai kuɗin ya ragu. Na ce ashe su ma suna ragi, ɓoyewa suke yi. Na shiga farauta. Duk shafin da ya ce a ba shi adireshi ya aiko da ragi, na ba shi, har wayata ta cika da tallan abin da ban sani ba. Wani code ɗin wa'adinsa ya wuce. Wani na wani wasan ne daban. Wani ya rage mini fam tara, da na zo biya suka ɗora goma sha biyu wai kuɗin booking, ladan kama kujera. Wannan kam na jinjina musu, don na san 'yan kasuwa idan na gan su.

A kwana na tara na dace. Code ya ci, kujera biyu a ƙasa, a tsakiya, wasan rana na Laraba, suka sauko fam saba'in da shida kowace. Ɗari da hamsin da biyu ke nan, fam biyu kacal a kan abin da na ware. Wani ɗan agogo ya fito a saman wayar, ya ba ni minti goma in biya. Kati na hannuna. Amma a sanina, mai kayan da ya rage sau ɗaya zai rage sau biyu, kuma mai gaggauta ka da agogo shi ne a matse. Na zuba wa agogon ido har ya ƙare, ina jin kaina gwana.

Da safe code ya mutu, kujerun sun koma ɗari da ashirin. Bayan kwana uku, ɗari da arba'in. Ashe hutun makarantu ne ya zo, iyaye suka yi ca a kan wasan rana. A taswirar kujerun da ke cikin wayar, waɗanda aka saya suna komawa ruwan toka, kullum tokar tana ƙara cin wuri.

A nan na gane inda na yi kuskure. Atamfata tana zaune a kan kanta tana jiran mai saye, shi ya sa idan mutum ya juya baya nake kiransa. Su kuwa masu saye ne suke layi a bayana. Kuma abin da suka yi mini da hutun makaranta shi nake yi wa mutane da leshi idan Sallah ko Kirsimeti ta ƙarato. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Jirgin Yaya ranar Asabar ne. Laraba ɗaya ta rage. Ran Litinin da hantsi na ɗauko kati, na ce fam ɗari biyu da tamanin ba su fi bakina ba. Kafin in gama shigar da lambobi, ɗaya daga cikin kujerun biyu ta koma toka. Sauran na ƙasa duk ɗai-ɗai ne, a warwatse. Ina cikin wannan hali Yaya ta shigo da jakarta ta ƙarshe.

"Wa ya mutu?" ta tambaye ni.

Ban iya ɓoye-ɓoye ba, na zayyane mata komai, har da tsayuwata a bakin ƙofa ina gyara mayafi. Sai da ta zauna a kan akwati don dariya. Sannan ta ɗauko tabarau, ta karɓi wayar, ta shiga bin taswirar da yatsa kamar mai bin layin gidansu.

"Waɗannan biyun fa? A bene, can gefe."

"Yaya, fam arba'in da biyar ne. Kin ga abin da suka rubuta? Wai ba a ganin dandamalin duka. Araha ba ta ado."

"Rabu da su. Wadda ke bakin hanyar nan kujerata ce. Idan na gama share bene, a kanta nake zama in huta gwiwa minti biyar. Komai ana gani, har ramin da makaɗa suke zama."

"Na ce miki tsakiya zan kai ki. Ba zan kai ki kujerar araha ba."

"Ke da kika yi mako biyu kina farautar araha, yau ta zo har gida kina kora? Danna, ƙanwata, kafin su ma ki taya su."

Na danna. Da kuɗin booking ya kama fam casa'in da bakwai.

Ran Laraba ta sha leshi shuɗi da ɗauri kamar mai zuwa biki. Ta babbar ƙofa muka shiga, wadda ta ce ba ta taɓa bi ba sai da tsumma a hannu. Ba wanda ya gane ta, ita ma ko a jikinta. Da muka hau bene ta shafa ƙarfen da ke gaban kujerun da yatsa, ta duba, ta yi tsaki. "Yaran yanzu ba sa goge ƙarƙashi."

Kujerarta yadda ta faɗa take. Tawa kuwa wani ƙaton ginshiƙi ne a gabanta, ya raba dandamalin biyu.

Na raɗa mata, "Yaya, kin ce komai ana gani."

"A tawa na ce. Na taɓa ce miki na zauna a taki?"

Haka na yi kallon, wuya a karkace, duk wanda ya yi hagu sai ya ɓace mini sai ya dawo. Yaya ce take ba ni labarin abin da ke faruwa a bayan ginshiƙi, har wata mata a gabanmu ta juyo sau biyu. Ana cikin tafiya mai muryar nan ya fito, ta gane shi tun kafin ya gama buɗe baki, ta damƙe hannuna. Ba a jima ba ta sake shi. Ashe shi ne ya cuci kowa tun daga farkon labarin.

"Ɗan banza!" ta ce, ba a hankali ba. "Shekara goma sha ɗaya ina tausayinsa!"

Duk da haka da aka zo waƙar ƙarshe sai da ta bi shi, tana rerawa tana share ido da bakin gyale, tana kuma zaginsa. Da aka kunna fitilu mutane suka fara fita, na ga ta sunkuya za ta ɗauki kofin da wani ya yar. Na buge hannun.

"Yau ke baƙuwa ce."

"To ai ba kyau a bar shi."

Sai da ta ɗauka.

Ran Asabar na raka ta filin jirgi, na dawo na buɗe shago. A kuɗi dai na ci ribar fam hamsin da uku a kan abin da na ware, kuma ba wayona ne ya kawo ta ba. Na yi asarar rabin wasa, da cinikin kusan mako biyu da na yi hankalina yana kan waya, ga ciwon wuya na kwana uku da sai da na sayi man zafi. Alkawarin tsakiya ban cika ba. Amma Yaya ta hau jirgi ta san farkon labarin. Idan aka haɗa duka, ita ta ci kasuwar, ni kuma na fita da uwar kuɗina.